SANA'AR HANNU, GUZURIN DA BA YA ƘAREWA A HANYA

Jawabi ga 'yan Arewa mazauna Agege da sauran zangunan Kurmi



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi tuni game da aikin hannu, wato ɗinki da saƙa da dukanci da sassaƙa da ƙira da makamantansu, waɗanda da su ne Bahaushe ya saba ƙawata ɗakinsa, ya gyara tsakar gidansa, ya kuma yi wa masoyinsa kyauta. Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta kai a tara mutane dominta ba. To, amma wanda ya dubi halin da samarin Arewa suka shiga a Ikko cikin 'yan shekarun nan zai gane cewa magana ce ta abinci da mutunci.

A watan Fabrairu na 1920 babu wanda ya san wani abu wai shi acaɓa, amma bayan shekara ɗari cif, a Fabrairun 2020, Gwamnatin Jihar Legas ta hana haya da babur a wasu sassan birnin, kuma hanin ya taɓa gidaje masu yawa daga Sakkwato har Maiduguri. A watan Yunin 2022 aka sake ƙarfafa dokar a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, maƙwabciyar Agege, sa'an nan a watan Satumba aka ƙara huɗu. An kama babura masu yawa an niƙe su. Saurayin da ya sayar da gona ko ɗan bijimi ya sayi babur, sai ya wayi gari hannu rabbana. Amma baduku da tela da maɗinkin hula ba su rasa aikinsu ba a ranar, domin jarinsu yana cikin yatsunsu, babu mai iya loda shi a mota ya tafi da shi.

ASALIN ZANGO

Ya kamata a tuna yadda Hausawa suka zo suka zauna a wannan wuri. A zamanin da, fatake sukan keta daji har Gwanja, su yi watanni a hanya, domin sayo goro a kasuwar Salaga. Da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko, ta kai Badun a 1901, ta kuma haɗu da Kano a 1912, sai harka ta sake kama. Manoman Agege da kewaye, irin su J. K. Coker, suka dasa koko da goro, goron kuwa irin wanda mutanen Arewa suke so. Ga goro ga tashar jirgi, sai fatake suka yada zango, zango ya zama unguwa. Haka kuma aka yi a Shagamu, haka aka kafa Sabo a Badun cikin 1916.

Abin lura a nan shi ne cinikin goro kansa bai tsaya ba sai da aikin hannu. Goro ɗan lele ne, ba ya son zafi, ba ya son iska. Sai an sami masaƙin kwando, an sami mai tufka igiya, an sami gwanin da ya san yadda ake shimfiɗa ganyen fita a jera goro a ɗaure huhu, sa'an nan kaya zai isa Kano lafiya. Bayan fatake kuma sai ga mahauta da wanzamai da maɗinka da dukawa da maƙera. Ko wannensu ya zo da abin yinsa, shi ya sa masu gari suka karɓe su a matsayin mutane masu amfani. Ashe ke nan zangon nan da hannu aka gina shi.

Ba kuwa abin mamaki ba ne, domin daga ƙasar masu sana'a suka fito. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, da yadda ake fitar da takalman fata zuwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta ratsa Sahara ta isa Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can ta biyo. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa an kafa shi tun 1498, har yanzu ana rini a cikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje nasiha a kan mulki, a ciki ya sa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba. Saboda haka mai ganin jima ko ƙira ƙasƙanci ne, wai ɗan gidan wane ba ya taɓa su, bai san tarihin gidan nasa ba.

A FARA DAGA ƊAKI

Sana'a ba daga kasuwa take farawa ba, daga gida take farawa. Mutum ya fara yi wa kansa, in ya yi kyau maƙwabci ya gani ya ce a yi masa, daga nan ciniki ya buɗe. Don haka a fara duba ɗaki.

Yawancin baƙi a Ikko suna zaune ne a gidajen haya masu ɗakuna a jere suna fuskantar juna, ɗaki ɗaya shi ne makwanci, shi ne wurin ajiya, shi ne wurin karɓar baƙo. Irin wannan ɗaki yana bukatar dabara fiye da kuɗi. Katako biyu da ƙusa kaɗan sun isa a kafa kanta a bango, a ɗauke kwanuka da littattafai daga ƙasa, inda laima take cin su. Asabari ko labulen da aka haɗa da ƙyallayen atamfa yana tsare mutuncin iyali, iska kuma tana shiga. Ƙyallayen da teloli suke sharewa su zubar kullum, in an tara su, ana cusa tumtum ko matashin kai da su, ana kuma haɗa su a ɗinka zanen gado mai launi-launi. Buhun shinkafa da aka wanke yana zama jakar cefane mai ƙarfi in an kalmashe bakinsa an sa masa hannu.

A wajen iyaye mata kuwa, saƙar faifai da tuma-ƙasa da mafici ba sa bukatar fili. Faifai ciyawa ce ake naɗewa da kaba, ana ɗinkewa zagaye bayan zagaye, ana sa galura inda ake son ado. Kaba ba ta da nauyi, ba ta lalacewa da wuri in ta bushe sosai. Motocin da suke kawo shanu da raguna da albasa da tumatir daga Arewa ba su fasa zuwa ko da mako guda, ɗaurin kaba ɗaya a kan kaya ba zai dami direba ba. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai riƙa aikowa bisa amana, kamar yadda ake aiko da kuka da daddawa.

Akwai kuma wata dama da ta buɗe. A watan Janairun 2024 Gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da farantin kumfa da ake zuba abinci a ciki, daga 1 ga Yulin 2025 kuma ta fara zartar da hani a kan wasu kayayyakin roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Dalili shi ne suna toshe magudanan ruwa, suna jawo ambaliya. Leda da roba su ne suka kori kwando da ƙwarya da akushi daga gidaje, saboda arha. Yanzu da hukuma ta fara juya musu baya, mai iya saƙa kwando ko ɗinka jakar yadi yana da abin da gari yake nema.

TSAKAR GIDA DA FATAR LAYYA

Tsakar gida a Ikko ba ta mutum ɗaya ba ce, don haka kafin a kafa ko ƙusa ɗaya sai a nemi yardar mai gida da ta maƙwabta. In an samu, ɗan lungu kaɗan yana ɗaukar abubuwa da yawa. Ana cika buhu ko tsohon bokiti da ƙasa da taki, a huda gindinsa don ruwa ya tsiyaye, a shuka alayyafo da yakuwa da barkono. Zogale yana kamawa ko da reshe aka dasa. Akurkin kaji ko ɗakin tattabaru ana haɗa shi da gora ko tukurwa, waɗanda suka fi samuwa a Kurmi fiye da Arewa, amma a ɗaga shi bisa ƙafafu saboda ruwa da ɓera. Tsohuwar tayar mota tana zama mazubin shuka, tana zama ƙasan takalmi. Maƙeri kuma yana mai da guntun ganga murhun gawayi.

Sai dai ba duk dabarar Arewa ce take yin aiki a nan ba. Alal misali, Malam Muhammad Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, don kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Wannan ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Sirrin abin shi ne busasshiyar iska tana shanye ruwan yashin, tana tafiya da zafi. A Ikko kuwa iskar kanta jiƙe take, don haka sanyin da za a samu kaɗan ne. Darasin shi ne mai hikima yakan dubi ƙasar da yake ciki kafin ya kwaikwayi abin da ya baro a gida.

Babu inda wannan darasi ya fi fitowa kamar wajen fata. Ko wace Babbar Salla ana yanka raguna masu ɗimbin yawa a Ikko, amma da yawa daga fatunsu sukan ruɓe a zubar, alhali da su ake yin buzu da agalemi. A Arewa fata takan bushe da kanta. A nan kuwa, in ta kwana a dunƙule, gashi ya fara zuba, ta tashi daga aiki. Abin yi shi ne da an gama fiɗa a kankare nama da kitsen da suka maƙale, ba tare da an huda ta ba, a wanke jinin, a baɗe cikinta da gishiri sosai har gefe-gefe, a shimfiɗa ta a inuwa inda iska take ratsawa. Kada a baza ta a tsakiyar rana bisa siminti, domin bayanta zai ƙone cikinta bai bushe ba. Fatar da aka yi wa haka tana iya jira har a kai ta wurin majemi, wanda zai jeme ta da bagaruwa, ya rina ta ja da karan dafi in ana so.

Ga kuma babbar mayanka a Oko-Oba, nan cikin Agege, inda ake yanka shanu kullum. Yawancin ƙiragan ana babbake su ne a ci a matsayin ganda, domin mutanen Kudu suna sonta ƙwarai, mahauci kuma yana samun kuɗinsa nan take. Ba laifi ba ne mutum ya sayar inda ya fi masa riba. Amma abin tunani ne a ce unguwar da fata take kwarara cikinta kullum ba ta cika da masu sarrafa ta ba, alhali akwai makarantar koyon kimiyyar fata a Samaru ta Zariya, wadda yaran zango za su iya nema.

Wanda kuma ya mallaki kayan fata a Ikko ya san maƙiyinsu, wato fumfuna. Ruwan sama yana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. A wannan tsakani kada a kulle jaka ko takalmi cikin leda. A rataye su inda iska take, a riƙa goge su, a shafa musu ɗan mai kaɗan. Tabarma da faifai a riƙa fitar da su suna shan hantsi, katako kuma a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

KYAUTA DA TSARABA

Bahaushe mutum ne mai zumunci, zumunci kuwa ba ya rabuwa da kyauta. Ga barka, ga gudummawar biki, ga tsaraba in za a je gida, ga kuma alheri ga maƙwabci Bayarabe ko Ibo ranar murnarsa. Duk waɗannan suna cin kuɗi, kuma a lokacin tsada su ne suke sa mutum ya ɓuya wa 'yan'uwansa don kunya. Mai aikin hannu ba ya shiga wannan kunya. Hular da aka ɗinka da allura, ko gafakar da aka yi wa ɗan da ya sauke karatu, ko faifai uku masu ado da aka kai wa amarya, sun fi kayan kanti daɗewa a zuciya, domin wanda aka ba ya san kwanaki aka ba shi, ba kuɗi kaɗai ba. A tuna ma kalmar lefe, wadda yau take nufin akwatuna jere, asalinta sunan wani kwando ne na kaba da ake zuba kayan aure a ciki.

Kyauta ga maƙwabci kuwa tana da wani amfani na dabam. Baƙo yana zaune lafiya ne gwargwadon yadda masu gari suka san shi. Mutumin da yake tallar abin da ya ƙera, ko yake koya wa ɗan maƙwabcinsa ɗinki, sananne ne a unguwa, yana da masu shaidarsa ranar da wata fitina ta taso. Jakar fata ɗaya da aka kai wa mai gida ranar bikin 'yarsa tana iya yin abin da dogon bayani ba zai yi ba.

Kada kuma a ɗauka aikin hannu ba ya kai mutum ko ina. Ladi Kwali, Bagwariya maginiyar tukwane, a ƙauye ta koyi ginin tukunya irin na gargajiya. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja, daga nan aka kai aikinta Ingila da Amurka aka nuna. Ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20. A nan Ikko ma, wanda ya je kasuwar kayan gargajiya ta Lekki zai ga 'yan Arewa suna sayar wa baƙi tumtum da jakunkuna da takalman fata. Masu saye suna nan, abin da suke nema shi ne aiki mai tsabta, ɗinki a miƙe, fata marar wari, da cika alkawari.

ABIN DA YA RAGE GA ZANGO

Gaskiya ce aikin hannu yana da wahalarsa. Yana cin lokaci, hula mai kyau tana iya ɗaukar makonni. Kayan masana'antun ƙasashen waje sun fi shi arha. Mai koyo kuma yakan yi watanni bai ga ko kwabo ba. Saboda haka ba a ce kowa ya ajiye abin da yake ci da shi yau ba. Mai gadi yana da dogon dare da doguwar rana, mai tireda yana da sa'o'in da babu ciniki, duk lokutan ɗinkin hula ne. Mai gyaran takalmi da yake yawo da akwati ya riga ya iya riƙon basilla, taki ɗaya ya rage masa ya tashi daga gyara zuwa ƙerawa. Telan da yake yawo da keke a kafaɗa haka. Hausawa sun ce sana'a goma maganin mai gasa.

Babban haɗarin da yake tafe shi ne yankewar gado. A gida yaro yakan tashi ya ga ubansa a bakin aiki, ya koya ba tare da an ce masa koyi ba. A ci-rani kuwa uba yana Ikko, ɗa yana ƙauye, ko kuwa ɗan an haife shi a zango bai taɓa ganin yadda ake jima ba. Tsoho ɗaya in ya rasu da iliminsa, an rufe makaranta guda. Maganin wannan yana hannun jama'a, kuma abu uku ne.

Na farko, sarakunan zango da dattawa su san masu sana'ar da suke cikinsu, ko wane da abin da ya iya, kamar yadda a gida ake da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Fawa. In an san su, sai a roƙi ko wane gwani ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu.

Na biyu, malaman makarantun allo da na Islamiyya su raya tsohuwar al'ada. Almajiran da sun saba ɗinkin hula da aikin wuyan riga a ranakun Alhamis da Juma'a, da shi suke sayen sabulu da tawada ba tare da roƙo ba. Yaron boko ma yana da Asabar da dogon hutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, a juya adashi wajen kayan aiki. Maimakon ko wane kwasa ya ƙare a biki, a riƙa sayen keken ɗinki ko zarto da guduma ko ɗaurin kaba da galura. Mata biyar da suka haɗa kai suna iya karɓar aikin da mace ɗaya ba za ta iya gamawa ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk ɗan ci-rani yana da ranar komawa, ko da ƙafarsa ko da labarinsa. Wanda ya koma da kuɗi kaɗai, kuɗin suna ƙarewa kafin damina ta zagayo. Wanda ya koma da sana'a kuwa ya kai wa garinsu abin da za a gada. Waɗanda suka kafa zangon Agege sun zo da igiya da basilla da aska, suka bar wa na baya unguwa da suna mai kyau. Ya rage ga na yanzu su duba abin da za su bar wa masu zuwa.

Allah ya sa wa hannuwa albarka, ya ba da zaman lafiya tsakanin baƙi da masu gari, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalam.